A nan an nema wa ɗana malama, a can ni na nema wa ƙanena bulala

Ranar wata Talata ce a watan Nuwamba. Ƙarfe huɗu ba ta yi ba amma gari ya fara rufewa kamar magariba, yadda yake yi a arewacin Ingila idan sanyi ya shigo. An aiko min da saƙo daga makarantar firamaren ɗana cewa ana son ganina. Duk wadda ta taso a gida ta san fassarar irin wannan saƙo: yaro ya yi laifi. Tun a cikin bas nake tsara faɗan da zan yi masa in mun dawo.

Shiga makarantar firamare a nan sai ka ce za ka ga gwamna. Ka danna maɓalli a ƙofa, a leƙa fuskarka ta kyamara, a buɗe, ka rubuta sunanka a wata na'ura, ta fitar da takarda mai hotonka ka manna a ƙirji. Daga nan aka bi da ni wani dogon lungu da aka jera rigunan sanyin yara a kan ƙugiyoyi, kowace da suna a samanta, har zuwa wani ɗan ɗaki a can ƙarshe. Kujerun ciki duk na yara ne, da ƙyar na zauna. Akwai shuɗiyar darduma, da abin ɗumama ɗaki a jikin bango, da faranti mai faɗi cike da yashi, da haruffan roba a cikin akwati, baƙaƙe launi ɗaya, wasula wani launi daban. Har da ɗan madubi, wanda daga baya na gane na kallon baki ne, don yaro ya ga yadda leɓɓansa suke haɗuwa in zai furta sauti. Mata biyu na tarar: malamar ajinsa, da wata dattijuwa mai tabarau a rataye a wuya, wadda ta ce ita ce SENCO ta makarantar.

A Ingila doka ce kowace makarantar gwamnati ta kasance da malami ɗaya mai wannan muƙami, wanda aikinsa shi ne bin diddigin yaran da karatu yake yi wa nauyi ta kowace fuska. Dole ya kasance cikakken malami mai shaidar koyarwa, kuma dole ya ƙara wani kwas na musamman cikin shekara uku da kama aikin. Tun 2009 ake wannan, a 2024 aka sake wa kwas ɗin fasali da suna. Ba alfarma ba ce, ba kuma sai makarantar 'ya'yan masu hali ba.

Matar ta shimfiɗa takardu a gabana. Ta tuna min da gwajin da ake yi wa kowane yaro a ƙarshen aji ɗaya, wanda aka fara a 2012: kalmomi 40, rabinsu na gaske, rabinsu na ƙarya da ba su da ma'ana, an zana wa kowace hoton wata halitta mai ban dariya don yaro ya ɗauka sunanta ne. Hikimar ita ce, kalmar da ba ta wanzu ba babu yadda za a yi yaro ya haddace ta, sai dai ya haɗa baƙi da wasali da kansa. Ana so ya ci 32. Ɗana bai kai ba a aji ɗaya, aka sake masa a aji biyu, bai kai ba. Na san da wannan, amma na ɗauka wasa ne ya yi masa yawa.

"Ɗanki yana da kaifin basira," in ji ta. "In aka karanta wa aji labari, shi ne na farkon ɗaga hannu. Amma in na faɗi kalma na ce ya cire sautin farko ya gaya min abin da ya rage, sai ya tsaya cak. Muna zargin disleksiya ce, wato matsalar da take sa karatu da rubutu su yi wa yaro wuya duk da basirarsa." Ta yi bayanin abin da za su fara yi masa, sannan ta ɗago kai ta yi tambayar da ta sa nake wannan rubutu. "Akwai wani a danginki, ko na mahaifinsa, da karatu ya ba shi wahala yana yaro? Abin yana bin jini."

Na ce babu. Da sauri na faɗa, har da ɗan ɗaga murya. Na ƙara da cewa ni kaina malamar makaranta ce a ƙasarmu kafin in zo nan. Ta yi murmushi ta rubuta.

Sai da na zauna a bas, ruwa yana zuba a jikin gilashi, sannan fuskar autanmu ta zo min.

Shekara goma sha ɗaya na ba shi. Lokacin da na gama NCE na fara koyarwa, shi yana aji uku, kuma bai iya karanta layi ɗaya ba. Abin ya zame min abin kunya: malama guda, ƙanenta daƙiƙi. Kullum da yamma nakan zaunar da shi. In nuna masa kalma yau ya faɗa, gobe in nuna masa ita ɗin dai ya zuba min ido kamar bai taɓa ganinta ba. Na tabbata a raina raini ne, domin yaron da zai ji waƙa sau biyu ya rera ta daga farko har ƙarshe, yaron da ya kwance rediyon gidanmu ya mayar da ita tana magana, ba zai ce min ya kasa bambance "bari" da "dari" ba. Na yi masa duka da rula a bayan hannu. Na yi masa da bulala. Na kira shi sunayen da duk kun sani, ba sai na jero su ba. Ya maimaita aji sau biyu, ya lallaɓa zuwa ƙaramar sakandare, daga nan ya ce shi ya gaji. Aka ce dama kansa ba na boko ba ne, aka kai shi koyon gyaran inji.

Ba ni da takardar da ta ce abin da yake damun ɗana shi ya dami ƙanena, babu wanda ya taɓa gwada shi. Amma duk alamar da matar nan ta lissafa, na riga na gan ta shekaru ashirin da suka wuce, a tsakar gidanmu, da bulala a hannuna.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ilimin ba sabo ba ne. Tun 1887 wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya fara amfani da kalmar disleksiya. A 1896 wani likita a kudancin Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai wayo da iya lissafi, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai, har malaminsa ya ce da a ce da baki kawai ake karatu da ya fi kowa a makarantar. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar. A Amurka, Samuel Orton da Anna Gillingham sun tsara hanyar koyar da irin waɗannan yara tun a shekarun 1930, inda ake haɗa ido da kunne da hannu a lokaci guda, kuma irin wannan hanya ake bi da farantin yashin nan: yaro ya zana harafi da yatsa yana furta sautinsa. Ke nan lokacin da nake dukan ƙanena, maganar ta haura shekara ɗari a rubuce. Ni dai ba ta iso gare ni ba, kuma shekara uku na yi ana koya min koyarwa.

Iyakar abin da nake tunawa a kwalejinmu darasi ɗaya ne na gabatarwa kan ilimin masu buƙata ta musamman. Mun haddace rabe-rabe: makafi, kurame, guragu, masu taɓin ƙwaƙwalwa, masu baiwa. Muka rubuta jarrabawa muka wuce. Yaron da idonsa lafiya, kunnensa lafiya, bakinsa ya fi na kowa kaifi, amma haruffa sun ƙi zama masa, ba ni da gurbin da zan sa shi. Malamin da ba shi da suna ga abu kuwa, zai ba shi sunan da ya gada, kuma sunan da muka gada shi ne lalaci.

Malamar da aka haɗa ɗana da ita daga baya, wadda take zuwa sau biyu a mako, ta ba ni labarin nata horon da na matsa mata da tambaya. Ta yi shekaru tana koyarwa a aji kafin ta koma ta yi kwas na koyar da masu disleksiya, wanda a nan suke kira mataki na 5. Ba karatun littafi kaɗai ba ne: an ba ta yara na gaske, ta tsara wa kowane darasinsa, ana kallon yadda take yi ana yi mata gyara. Wanda zai yi gwajin da za a tabbatar da cewa yaro yana da matsalar kuwa sai ya kai mataki na 7, daidai da karatun digiri na biyu, ko kuma ya zama masanin halayyar yara ta fannin ilimi, wanda shi sai ya yi digiri na uku na shekara uku. Ƙungiyar British Dyslexia Association, da aka kafa a 1972, tana cikin masu tantance irin waɗannan kwasa-kwasai, kuma a ƙiyasinta mutum ɗaya cikin goma yana da wani kaso na matsalar. A 2009 wani masanin ilimi, Sir Jim Rose, ya miƙa wa gwamnati rahoto a kan disleksiya, gwamnatin lokacin ta yi alkawarin horar da ƙwararrun malamai 4,000. Wato sun zauna sun ƙirga mutanen da suke buƙata, kamar yadda ake ƙirga likitoci.

Daga wurinta na fara jin cewa matsalar ba a ido take ba. Da ni ma na ɗauka juya harafi ne, a rubuta b a maimakon d. Ta ce ƙananan yara da yawa suna yin haka, su daina da kansu. Asalin abin yana wajen jin sautukan da ke cikin kalma, da tsinka su, da riƙe su a ka har a haɗa. Mu da muka iya karatu mun manta cewa "kaza" sauti huɗu ce a jere. Ga wasu yara dunƙule ɗaya ce, kamar dutse, sai an koya musu fasa ta da gangan, a hankali, ana maimaitawa fiye da yadda sauran yara suke buƙata. Bulala ba ta fasa kalma. Abin da take koya wa yaro shi ne ya ɓoye, ya kalli bakin na kusa da shi, ya haddace. Tsarinmu na malam ya faɗa aji ya amsa da murya ɗaya kuwa, babu mafakar da ta fi shi ga yaron da bai iya karatu ba. Zai iya kai wa aji biyar yana bin amo, babu wanda ya gane.

Kada wani ya ce na zo ƙasar Turawa na ruɗe. Na ga nasu ramukan. Kafin a kai ga wannan ganawa, wata malama ta taɓa ce min wataƙila don muna yi masa Hausa a gida ne, ko za mu rage. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji daɗi da SENCO ɗin da kanta ta ce wannan kuskure ne, yare biyu ba ya jawo disleksiya, sai dai yakan sa a makara wajen gano ta domin ana ɗora komai a kan baƙuntar Turanci. Gwajin tabbatarwa ma ba kowace makaranta take yi wa yaro ba, iyaye da yawa da aljihunsu suke nema, don haka ɗan mai hali yakan riga ɗan talaka samun takarda. Yaran da matsalarsu ta yi tsanani akwai wani tsarin tallafi da dokar 2014 ta kawo, wanda aka ce a kammala shi cikin mako 20, amma na san iyayen da suka jira fiye da haka nesa ba kusa ba. Masana kansu suna gardama kan ko laƙabin yana da amfani, ko a taimaki duk yaron da ya kasa karatu kawai ba tare da an raba su ba. Duk na yarda. Sai dai mai gardama kan wace hanya ta fi, ya riga ya yarda akwai yaron. Mu ba mu kai nan ba.

Kuma ba cewa nake ba mu da komai ba. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take. Kwalejin ilimi ta tarayya ta musamman da ke Oyo tun 1977 take horar da malamai. Jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero suna da sassan ilimi na musamman, kuma akwai malamai a cikinsu da suka san disleksiya ciki da waje. An sa hannu a dokar hana wariya ga masu nakasa a farkon 2019. An yi shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, an yi RANA a Katsina da Zamfara, inda aka koya wa malamai koyar da karatun Hausa ta hanyar sautin haruffa, kuma wannan ita ce ainihin hanyar. Amma shirye-shirye ne masu wa'adi da kuɗin waje. Tambayata ɗaya ce: a makarantar firamaren da ta fi kusa da kai, wane ne aikinsa ya lura cewa wannan yaron ba kamar sauran ba ne? Sunan wa za a kira? A makarantar da na koyar, babu. Ni ce, kuma ni ban sani ba.

Wata ƙawata da har yanzu take koyarwa a gida ta yi min dariya da na kawo mata wannan magana. Ta ce, "Ke kin samu wuri. Yara nawa ne a ajin ɗan naki?" Na ce ba su wuce 30 ba, don doka ma ta hana a wuce haka a ƙananan azuzuwa. Ta ce nata sun ninka haka har da ɗoriya, kuma fiye da rabi ba sa iya karatu, to a cikinsu wanne ne mai disleksiyar? Gaskiya ta faɗa, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 89 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta. Inda kowa yake kwance, ba a gane marar lafiya. Amma ni a ganina wannan hujja ce a kan horon, ba hujjar barinsa ba. Abin da ake koya wa ƙwararren malamin disleksiya, wato yadda ake gina karatu daga sauti zuwa gaɓa zuwa kalma, shi ne dai abin da sauran yaran suke buƙata. In aka koyar da aji duka ta wannan hanya, mafi yawa za su tashi, 'yan kaɗan ɗin da suka rage su ne za a zauna da su. Malami ɗaya a makaranta, ko ma ɗaya ga makarantu biyar yana zagayawa, da ya san wannan, da ya ishe mu farawa.

Abin da ba na so shi ne a kwaso kayan gwajin Ingila a sauke mana. Turanci yana da haruffa 26 da sautuka kusan 44, kuma rubutunsa ba ya bin ƙa'ida ɗaya, shi ya sa yaran Ingila suke daɗewa kafin su iya karatu in aka kwatanta da na Italiya ko Finlan. Bokon Hausa ya fi sauƙi nesa, kusan yadda ka ji haka za ka rubuta. A harsuna irin wannan an lura cewa mai disleksiya yakan iya karantawa daidai, amma a hankali ƙwarai, yana tafiya gaɓa-gaɓa, don haka gwajin da ke ƙirga kuskure kawai zai wuce shi. Mu kuma muna da namu tarkunan da Bature bai san da su ba. Muna da b da d da ɓ da ɗ, haruffa huɗu masu kama da juna, bambancinsu ƙugiya da gefen da cikin ya kalla. "Kafa" da "ƙafa", "daidai" da "ɗaiɗai". Ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutu, don haka "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala iri ɗaya suke a takarda, sai jimla ta raba su. Sannan yaron da bai gama kama wannan ba, sai a ɗora masa Turanci, inda harafin c da ya sani a "ciki" ya koma wani abu daban. Wa zai zauna ya tsara gwajin da ya dace da wannan yaro in ba Bahaushe ba? Ina ganin ɗaliban digiri na biyu suna ta rubuta kundaye a kan abubuwan da aka riga aka tattake, ga fili nan babu kowa a ciki.

Wani lokaci in na zauna a wancan ɗan ɗaki ina kallon ɗana yana zana harafi a yashi, sai in ji wani abu mai kama da haushi. Yashi fa. Abin da aka sayo aka zuba a faranti a nan, mu a kansa muke zaune. Babu wani abu a ɗakin da ya fi ƙarfinmu, in ka cire abin ɗumama ɗakin da ba ma buƙata. Matar ce kawai ba mu da ita. Sai kuma in tuna cewa ni ma da na tsaya, da aka koya min, da wataƙila ni ce matar. Ga ni nan ina aikin kula da tsofaffin wata ƙasa, takardar koyarwata tana cikin akwati.

Bayan wata shida ɗana ya karanta min shafi guda da kansa. A hankali, da yatsa a ƙarƙashin layi, amma ya kai ƙarshe. A daren na koma wurin SENCO ɗin ta imel na gyara amsar da na ba ta. Na ce akwai, ƙanena ne.

Shi kuma sai da na yi kwana uku ina juya yadda zan fara. Yanzu magidanci ne, yana da yara uku da yaran shago a ƙarƙashinsa, kuma an ce daga ƙarar inji yake gane inda ciwon yake kafin ya taɓa shi. Duk shekarun nan bai taɓa turo min saƙo a rubuce ba, kullum murya, ni kuma ina yi masa tsiya cewa ƙiwuya ce. Na kira shi na yi ta zagaye, na ba shi labarin ɗana, da yashi, da sunan abin. Na ce ina jin shi ma abin da ya same shi ke nan, kuma ni ce na fi kowa dukansa a kai, ya yafe min.

Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Yaya, ai ya wuce. Ke ma so kike in iya." Na kasa cewa komai. Can sai ya ce babbar 'yarsa tana aji uku, kuma malaminta ya fara cewa ba ta mayar da hankali. Ya tambaye ni ko akwai inda zai kai ta. Na ce zan bincika, duk da na san amsar da zan samo ba mai yawa ba ce. Na ce kafin nan zan tattara masa duk abin da malamar nan take yi wa ɗana, mataki-mataki, ya gwada da ita a gida.

"To Yaya," in ji shi, "amma in za ki turo, ki yi min da murya."